Harafi Ɗaya a Sunan Misbahu

Akwai wani magidanci a Kiyawa mai suna Misbahu Barau. Shekararsa talatin da biyu, yana zaune da matarsa Fiddausi da 'ya'yansu biyu a wani sashe na gidan mahaifinsa. Sana'arsa tuƙin napep. Kullum da sassafe yakan kwaso fasinja daga Kiyawa zuwa Dutse, ya wuni yana zagaya gari, da yamma ya koma gida da ɗan cefane a bayan kujera.

Tun da ya gama sakandare yake son jami'a. Sau uku yana zana JAMB. Na farko makinsa bai kai ba, na biyu ya kai amma babu kuɗi. A na ukun ne sunansa ya fito a wata jami'ar gwamnati da ke Dutse, sashen aikin gona, bayan ya yi shekara goma sha biyu rabonsa da aji.

Shekarar farko mahaifinsa, Malam Barau, ya sayar da riɗin da ya noma aka biya kuɗin rajista. Shekara ta biyu riɗin bai yi kyau ba, kuɗin makaranta kuma ya ƙaru. A lokacin ne aka fara maganar lamunin karatu da gwamnatin tarayya ke ba ɗaliban manyan makarantu.

Misbahu ya samu mahaifinsa a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya yi masa bayani.

"Bashi fa ka ce," in ji tsohon. "Da ruwa?"

"Babu ruwa, Baba. Kuɗin makarantar kai tsaye za a tura wa jami'a, ni ko ganinsa ba zan yi ba. Sai kuma naira dubu ashirin duk wata don abinci da zirga-zirga. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa."

Malam Barau ya jima yana jan carbi. "To, Allah ya sa albarka. Amma ka tuna kai za ka biya, ba gwamnati ba. Kada ka sa hannu a abin da ba ka gane ba."

Washegari bayan lakca, Misbahu ya zauna cikin napep ɗinsa a inuwar darbejiya, ya buɗe shafin a wayarsa. Duk abin da ake nema yana da shi: lambar JAMB, lambar katin ɗan ƙasa, lambar BVN ta banki, takardar samun gurbi, da lambar ɗalibtarsa. Ya cike ya tura. Shafin ya yi ta juyi, can ya rubuto masa da jan rubutu cewa bayanansa ba su yi daidai da juna ba.

Ya sake. Haka. Ya bari ya kwana biyu ya sake. Haka dai.

Aka ce ya je ofishin harkokin ɗalibai ya nemi Madam Kaneng, ita aka ɗora wa aikin lamunin. 'Yar Filato ce, ta fi shekara ashirin tana aiki a Dutse, Hausa kuwa ta zauna a bakinta. Ba ta da yawan fara'a, amma ba ta taɓa korar ɗalibi ba tare da ta duba takardarsa ba.

Ta jera takardunsa a kan tebur, ta ɗora biro a kan ta JAMB.

"Karanta mini nan."

"Misbahu Barau."

"Nan fa?" Ta nuna katin ɗan ƙasa.

"Musbahu Barau Muhammad."

Ya san da wannan tun ranar da aka ba shi katin, amma bai taɓa ɗaukarsa wani abu ba. A Kiyawa wasu Misbahu suke ce masa, wasu Musbahu, duk yana amsawa. Ta kuma nuna masa ta banki. A can an ƙara masa shekara biyu a ranar haihuwa.

"Ni na san kai ne, ga ka a gabana," in ji ta. "Na'ura ba ta sani ba. A wurinta mutum uku ne ke neman bashi ɗaya."

Ta yago takarda ta rubuta masa abin da zai yi bi da bi. Kotu, ya yi rantsuwa cewa duk sunayen nasa ne. Cibiyar katin ɗan ƙasa, a gyara sunan. Banki, a gyara shekarar. Sannan ya dawo ta sake tura bayanansa.

"Kwana nawa zai ɗauka, Madam?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Wani sati uku, wani wata biyu."

"Rajista fa nan da wata biyu za a rufe."

"Na sani. Shi ya sa nake so ka fara yau. Kuma duk takardar da aka ba ka a hanya, ko guntun rasit ne, ka adana."

Kotu wuni ɗaya ta ci masa. Ya yi murna, ya ɗauka sauran ma haka za su zo da sauƙi.

Jama'a, duk wanda ya taɓa zuwa gyaran suna ya san abin da zan faɗa. Ranar farko ya isa cibiyar ƙarfe bakwai na safe, ya tarar an riga an rubuta sunaye a fallen takarda, shi ne na sittin da ɗaya. Mutum arba'in ake gani a rana. Rana ta biyu ya zo na ashirin da takwas, ana kan na goma sha tara sabis ya ɗauke, aka zauna har azahar aka watse. Sai a zuwa na huɗu ya samu shiga. Aka ɗauki bayanansa, aka ba shi 'yar takarda, aka ce ya dawo bayan sati biyu.

Ya dawo bayan sati biyu, gyaran bai fito ba. Ya je banki ko za su fara nasu, suka ce sai katin ya nuna sabon sunan tukuna.

Duk ranar da ya wuni a layi, ya rasa lakca, ya kuma rasa fasinja. Miyar gidan ta koma kuka zalla. Da farko idan ya shigo Fiddausi takan tarbe shi da tambaya.

"Abban Safa, yau fa?"

"Yau ma dai."

Daga baya ta daina tambaya. Sai ta karɓi ledar takardun ta rataye, ta kawo masa ruwa.

A ajinsu akwai wani saurayi Kamilu, ɗan Garki, shekararsa ashirin da ɗaya. Yana da kaifin kai da kaifin baki, kullum kayansa a goge. Ba ya kiran Misbahu da sunansa, "Dattijo" yake ce masa, kuma sai a gaban mutane.

Kamilu yana da wani mutum mai kafen intanet a kusa da ƙofar makaranta, ana ce masa Mailafiya. Shi ke cike wa ɗalibai fom ɗin lamuni a kan naira dubu biyar, ba sai ka je ofishi ba, ba sai ka taɓa wayarka ba. Kamilu ke kai masa ɗalibai, ana ba shi ɗan kaso a kan kowane kai. Mutum ashirin da uku ya kai daga sashensu kaɗai, har da shi kansa. Kuma ba ƙarya, duk an biya musu kuɗin makaranta, sun yi rajista sun huta.

"Dattijo, har yanzu kana zarya?" in ji Kamilu wata rana kafin malami ya shigo. "Wannan ledar taka ta fi littafinka kauri. Mu tuni muka wuce wurin. Zamanin nan ba na masu bin layi ba ne, sai wanda ya san hanya."

Aka yi dariya. Misbahu ya yi murmushin dole, ya buɗe littafinsa.

A sati na shida ya sake komawa cibiyar. Matashiyar da ke kan na'ura ta duba, ta girgiza kai tun kafin ta yi magana. Saura kwana goma sha biyu a rufe rajista.

Bai koma lakca ba. Ya juya napep ɗinsa ya nufi kafen Mailafiya.

Shagon cike yake da ɗalibai, Kamilu na zaune a kan benci yana danna waya. Mailafiya mutum ne mai sakin fuska, waya biyu a gabansa, ya tashi ya ba Misbahu kujera da kansa. Ya saurari matsalar, ya yi 'yar dariya.

"Wannan ce ta hana ka barci? Ƙaramin abu ne. Ina da mutum a ciki, kwana uku an gama."

Misbahu ya miƙa dubu biyar ɗin. Aikin wuni guda da rabi ne a wurinsa.

"Imel ɗin da ka fara da shi ka manta da shi, sabo zan buɗe maka," in ji Mailafiya yana danne-danne. "Yanzu wata lamba za ta shigo wayarka, sai ka karanto mini."

Wayar ta yi ƙara. Misbahu ya duba. Saƙon daga wani bankin waya ne da bai taɓa hulɗa da shi ba, kuma a ƙarshe an rubuta kada ya ba kowa lambar.

"Malam Mailafiya, wannan daga banki ne. Ni ba ni da asusu da su."

"Haka tsarin yake. Karanto."

"Sun ce kada in ba kowa."

"Ni kowa ne?"

Ɗaliban suka yi dariya. Misbahu ya sake duban wayar. Lambobi shida ne kawai. Wallahi ya so ya karanta. Ƙafafunsa sun gaji, idonsa ya gaji da kallon fuskar Fiddausi tana ɓoye damuwa, kuma ga mutum ashirin da uku da aka yi wa aka gama.

"Idan an gama, za ka ba ni imel ɗin da lambar sirrin?"

Fara'ar Mailafiya ta ragu. "Suna wurina. Duk abin da ya taso ni ke duba muku. Malam, ɗaliban da na yi wa sun fi ɗari, babu wanda ya tsare ni da tambaya irin taka."

Misbahu ba wani masanin intanet ba ne. Abu ɗaya kawai ya tsaya masa a rai: bashin da sunansa za a rubuta, shi zai biya, amma shafin da zai nuna masa abin da aka ba shi yana hannun wani. Ya mayar da wayar aljihu ya miƙe.

"Bari in yi shawara."

"Ka yi. Amma kuɗin aiki ba ya dawowa."

Bai yi gardama ba, ba shi da ƙarfinta. Yana fita ya ji muryar Kamilu a bayansa. "Ku ƙyale shi, ƙauyanci ne. Idan aka rufe rajista sai ya koma ɗaukar fasinja, da ma can ya fi dacewa."

A hanyar gida ya tsaya a Shuwarin, ya kashe injin, ya zauna kusan rabin awa bai san me yake kallo ba. Bai ji ya yi wata bajinta ba. Ji ya yi ya yi asarar dubu biyar, ya kuma rufe wa kansa ƙofar da ta rage.

Da ya isa gida ya ce wa Fiddausi zai haƙura da karatun.

Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. "Saura kwana nawa?"

"Goma sha biyu."

"To ka bari a rufe ɗin. Idan an rufe ba a gyara ba, ka haƙura, babu mai zarginka, ni ma ba zan ce komai ba. Amma kada ka ajiye da hannunka alhali da sauran kwana."

"Fiddausi, na gaji."

"Na sani. Ni ma na gaji. Gobe dai ka koma."

Ya koma. Ya sake komawa jibi. A kwana na biyar matashiyar nan ta duba na'ura, ta juyo masa da fuskar allon. Misbahu Barau. Harafi ɗaya ya koma wurinsa, sunan da aka ƙara ya fita. Banki ya ci masa wasu kwana uku. Ya isa teburin Madam Kaneng saura kwana uku a rufe rajista.

Ta sake tura bayanansa, ta sa ya cike fom ɗin a gabanta, da wayarsa, da imel ɗinsa, da asusunsa na banki. Wannan karon rubutun kore ne ya fito. An karɓa.

"Yaushe za a biya, Madam?"

"Sai an tantance. Sati uku zuwa huɗu."

Misbahu ya fara tattara takardunsa a hankali. "Shi ke nan. Na gode, Madam. Allah bai nufa ba."

"Zauna, ban gama ba." Ta jawo wani fayil. "Makaranta ta ba da dama ga waɗanda aka karɓi fom ɗinsu amma ba a kai ga biya ba. Za su yi rajistar wucin gadi su zana jarrabawa. Sai dai duk wanda ya makara sai ya kawo shaidar abin da ya makarar da shi. Ina takardun da na ce ka adana?"

Ya zazzage ledar a kan tebur. Rantsuwar kotu, rasit, 'yar takardar cibiya, ta banki, kowace da kwanan wata. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa ta maƙale, ta rubuta sunansa a jerin.

"Mutum goma sha ɗaya na rubuta wa irin takardar da na rubuta maka," in ji ta tana rufe fayil ɗin. "Kai ne na huɗu da ya dawo."

Ya zana jarrabawa. Ana tsakiyarta aka biya masa kuɗin makaranta. Bayan nan jiha ta buɗe tantance ɗalibai don tallafin karatu, wanda shi ba bashi ba ne, kyauta ne ga 'yan asalin jihar. Misbahu ya je da takardar shaidar ƙaramar hukuma da sauran takardunsa, suna ɗaya, shekara ɗaya a ko'ina. Kafin azahar ya gama ya fito, ya bar wasu ana mayar da su gyaran suna.

Ranar wata Talata, suna jiran malami a sabon zango, wayarsa ta yi ƙara. Dubu ashirin ta farko ta shigo. Ya nuna wa na kusa da shi yana hamdala a hankali. Magana ta zagaya aji har ta kai ga Kamilu.

"Ba gaskiya ba ne," in ji Kamilu. "Ba a fara sakin kuɗin wata ba. Mailafiya ya ce sai an gama tantance kowa."

Misbahu ya miƙa masa wayar. Kamilu ya karanta, ya sake karantawa. Wata ɗaliba daga baya ta ce ita da kanta ta cike nata, kuma wata na biyar ke nan tana karɓa. A cikin mutum ashirin da uku da Kamilu ya kai, babu wanda ya taɓa ganin ko kwabo.

"Buɗe shafinka ka duba," in ji Misbahu. "Yana nuna duk abin da aka tura."

Kamilu ya riƙe wayarsa yana kallonta. Ba shi da imel ɗin, ba shi da lambar sirrin.

Suka ɗunguma zuwa kafen. Kwaɗo biyu ne a ƙofar. Mai shayin da ke gefe ya ce tun ranar Asabar aka zo da mota aka kwashe na'urorin. Wayoyin Mailafiya duka biyu a kashe.

Nan take aka juyo kan Kamilu. Wani ya ci kwalarsa, wani ya fizge wayarsa, ana ta ce masa ɓarawo, bakinsu ɗaya da Mailafiya. Misbahu ne ya kutsa tsakani ya raba su.

"Dukansa ba zai dawo muku da komai ba. Shi ma nasa ya tafi. Ku zo mu je wurin Madam Kaneng tun kafin ta tashi."

Ta saurare su har ƙarshe ba ta katse kowa ba. Ta yi waya, ta yi rubuce-rubuce, ta ce su dawo bayan kwana biyu. Da suka dawo ta faɗa musu abin da aka gano. Lambar nan da kowannensu ya karanta wa Mailafiya, da ita ya buɗe asusu a bankin waya da sunan kowanne, shi ke riƙe da shi. Can ake tura kuɗin wata. Wata biyar cur.

"Kuɗin an biya," in ji ta. "A rubuce, ku kuka karɓa."

"Wato mu za mu biya abin da ba mu ci ba?" wata ta tambaya.

"Bashin da sunanku yake. Za mu kai rahoto ga 'yan sanda da masu ba da lamunin, za mu bi. Amma kada in sa muku rai da wuri." Ta dubi Kamilu. "Kai kuma kwamitin ladabtarwa zai kira ka. Ka faɗi gaskiya yadda take, shi ne kawai zai taimake ka."

Gyaran nasu ya ɗauki wata uku: rahoton 'yan sanda, kotu, rufe asusun bogi, sauya imel. Kamilu ya tsira da takardar gargaɗi mai tsanani, saboda ya amsa laifinsa kuma shi ma an cuce shi. Har ranar da nake rubuta muku wannan ba a ga Mailafiya ba, kuɗin wata biyar ɗin kuma ba su dawo ba.

Amma abin da ya sa na ga ya kamata in kawo muku labarin nan ya faru ne ana tsakiyar wannan zaryar.

Wata rana da rana tsaka Misbahu na shirin fita neman fasinja, Kamilu ya zo ya tsaya a gefen napep. Rigarsa a yamutse, ya rame.

"Yaya Misbahu, wata alfarma nake nema."

"Ina jinka."

Ashe Kamilu ba ɗan kowa ba ne. Mahaifinsa ya rasu tun yana firamare. Mahaifiyarsa, Inna Kubura, ƙosai take soyawa a bakin tasha a Garki, da shi take aiko masa kuɗin abinci. 'Yar maƙwabciyarsu da ke wata jami'ar tana karɓar kuɗin wata, har tana aika wa uwarta wani abu. Inna Kubura ta tambayi Kamilu nasa, ya ce ba a fara ba. Ta sake tambaya, ya ce ba a fara ba. Sai ta yanke cewa karɓa yake yana ɓoye mata, yana kashewa a ɗinki. Wata biyu ke nan ba ta amsa gaisuwarsa yadda ta saba, ta kuma daina aiko da komai.

"Idan na faɗa mata ba za ta yarda ba," in ji shi, kansa a ƙasa. "Kai babba ne. Idan ta ji daga bakinka za ta saurara."

Misbahu ya dube shi. Bai manta da komai ba. Ya kuma san ƙarfe ɗaya ne, lokacin da ma'aikata ke fitowa neman abin hawa. Ya sauke numfashi ya miƙa hannu.

"Kira ta."

Kamilu ya kira ya miƙa masa wayar. Misbahu ya gaishe ta da ladabi, ya faɗi sunansa da garinsu, ya ce ajinsu ɗaya da Kamilu. Ya yi mata bayani tun daga kafen har zuwa kwaɗon da aka tarar, bai ƙara ba, bai rage ba. Yana jin ƙarar mai a kasko ta cikin wayar.

"Ke nan shi ma cutarsa aka yi?" ta tambaya.

"An cuce shi, Inna. Ko naira bai gani ba."

"Kuma shi ya kai 'ya'yan mutane?"

"Shi ya kai su. Bai san haka za ta kasance ba, amma shi ya kai su."

Sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ba ni shi."

Kamilu ya karɓi wayar ya zagaya bayan napep ya tsuguna. Misbahu ba ya jin komai sai "Na'am, Inna" da "To, Inna." Wasu mata biyu suka ɗaga masa hannu daga bakin titi, ya yi musu alamar su hau wani.

Can Kamilu ya dawo, idonsa jawur.

"Me ta ce?"

"Ta ce in bi su ɗaya bayan ɗaya in nemi yafiya, duk ashirin da biyun." Ya goge fuska da hannun riga. "Sannan ta ce wai na ci abinci yau?"

"Ka ci?"

Kamilu ya girgiza kai.

Misbahu ya tada injin. "Hau mu je."

Darasi: Lamunin karatu bashi ne da sunanka, kai za ka biya, don haka kai ya kamata ka riƙe imel ɗinka, lambar sirrinka da asusunka. Kada ka karanta wa kowa lambar da ta shigo wayarka, komai sakin fuskarsa. Ku duba sunayenku da ranar haihuwarku a JAMB, katin ɗan ƙasa da banki tun kafin buƙata ta taso, iyaye ma ku duba na 'ya'yanku. Hanyar gaskiya tana da gajiya, wani lokaci har ka ji kamar kai ne wawa, amma abin da ka samu ta nan naka ne. Kada kuma ka raina wanda ya tsaya bin ƙa'ida, wata rana shi za ka nema. Ku tura wannan ga duk ɗalibin da kuka sani da iyayensa, wataƙila wani yana gab da karanta wa wani lambarsa.